Ranar da Aka Naɗe Ƙosai da Littafina

Ko da zan rubuta littattafan da za su cika ɗaki, ba zan taɓa manta safiyar da na fara haɗuwa da masu karatuna ba. A tashar motar Zuru ne, gaban kaskon ƙosan mamata, kuma kowannensu hannunsa duk maiƙo.

Lokacin ina da shekara biyu da gama sakandare, ina zaune gida ba aiki ba makaranta. Tun ina aji uku nake cinye littattafan hikaya kamar gyaɗa, har wata rana na ce ni ma sai na rubuta nawa. Na cika littattafan rubutu guda huɗu da biro, na bi kowane shafi na sa masa lamba. Labarin wani saurayi ne ɗan ƙauyen Manga da yake yin golmo, wato noman da samarinmu suke yi wa iyayen yarinyar da suke so, shekara da shekaru, kafin a ba su ita. Ya yi damina shida yana sunkuye a gonar ubanta, ana saura ɗaya sai ga wani soja ya dawo hutu da sabon babur yana zagaya gidan. Ni a ganina tun da aka fara rubutu ba a taɓa yin labari mai daɗin wannan ba.

Na sha kwalliya na kai wa wani malami da aka ce yana da hanya da masu buga littattafai a Sakkwato. Shafi biyu ya duba ya rufe. Ya ce, "Ɗiyata, kin yi ƙoƙari. Amma Hausar taki ta Zuru ce, kuma wa zai sayi labarin noma? Ki kai shi birni, ki sa mota da gidan sama." Na dawo gida ina kuka kamar an yi mini mutuwa. Na wurga littattafan huɗun nan cikin wani kwali a ƙarƙashin gado, na rantse ni da rubutu har abada. Haushi ya sa na manta cewa kwalin tsofaffin littattafan makarantata ne, waɗanda ni da bakina na ce wa Mama ta riƙa yaga tana naɗe ƙosai.

Bayan kamar mako biyu Mama ta ce in riƙa raka ta tasha, ciniki ya fi ƙarfinta. Har shaida ta bayar a majami'a ranar Lahadi, wai Ubangiji ya buɗe mata kasuwa, kafin rana ta yi zafi ƙullunta ya ƙare. Na bi ta ina zumɓura baki. Muna ajiye kaya mutane suka yi layi. Na gaba wani direba ne mai jigilar fasinja zuwa Mahuta, dogo mai jar hula. Ya ce, "Mama, ƙosai shida, amma kowane biyu a takardarsu daban." Ta naɗe masa. Ko kallon ƙosan bai yi ba, ya juye su a hannun na bayansa, ya shimfiɗa takardun a cinya yana karantawa. Can ya buga ƙafa ya ce, "Kai, wanga soja ba shi da tsoron Allah!"

Na leƙa. Rubutuna ne. Ga lambar shafi da hannuna, mai ya jiƙa ta har ana ganin wandonsa ta ciki. Na duba gefen Mama, littafi uku sun tafi sai bango, na huɗun ma an ci rabinsa. Kuma ba ni da wani kwafi ko'ina a duniya.

Na kurma ihu, "Mama, kin kashe ni! Littafina ne!"

Ta riƙe matsami a sama ta ce, "Ke ba ke kika ce in kwashe na cikin kwalin ba? Ni ina na san akwai mai rai a cikinsu?"

Direban ya miƙe a hankali yana kallona. Ya ce, "Tsaya. Ke kika rubuta wanga abu?" Na ɗaga kai ina sharar hawaye. Sai ya juya ya kwarara murya har ƙarshen tasha, "Jama'a, ga mai labarin nan! Ashe ɗiyar Mama ce!"

Abin da ya biyo baya har yau in na tuna sai in yi dariya ni kaɗai. Mutane suka yo kaina. Wannan ya zaro shafuka daga ƙarƙashin kujerar mota, wancan daga aljihu, mai sayar da lemo ta kwance nata daga bakin zane. Ashe tun ranar da wani ya lura lambobin suna bin juna suke tarawa. In ana jiran mota ta cika, sai ɗaya ya karanta sauran su saurara. Tashar ta rabu biyu, masu goyon bayan manomi da masu cewa yarinyar ta hau babur ta huta. Har an yi kwana biyu wasu direbobi ba sa gaisawa a kan maganar. Ni kuwa ga hawaye ga dariya, na rasa wanda zan fara yi.

Wani tsohon soja mai yanka tikiti shi ne ma'ajin labarin, ya jera nasa ya matse da abin shanya. Ya nuna ni da sanda ya ce, "Yarinya, a wani wuri kin sa saurayin yana noma shi kaɗai. Wa ya taɓa yin golmo shi kaɗai? Da abokai ake zuwa, ana waƙa. Ni damina bakwai na yi cur kafin a ba ni uwar 'ya'yana. Ki gyara." Na ce, "To, Baba." Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Mutumin nan ya karanta ni da gaske, har ya kama ni da kuskure.

Suka ce ba inda zan je sai sun ji ƙarshen. Aka ɗora ni kan benci, na ɗauki abin da ya rage na littafi na huɗu ina karantawa. Motar Mahuta ta cika, amma ba fasinjan da ya ce a tafi. Da na kai inda yarinyar ta wuce babur ta kai wa manomin ruwa a gona, mai jar hula ya cilla hularsa sama, wani ya danne hon, mai lemo ta rangaɗa guɗa. Mama tana ta juya ƙosan da ya riga ya ƙone tana cewa, "'Yata ce fa, 'yata ce."

Cikin mako guda direbobi suka dawo mini da shafukan da suka bi fasinjoji zuwa Dabai da Mahuta. Wasu ba a same su ba, ɗaya ma an tabbatar mini akuya ce ta ci. Waɗannan sai 'yan tasha suka zauna suka faɗa mini daga ka, kowa yana ƙara nasa gishirin. Na sake rubuta littafin daga farko, na sa wa saurayin abokai da waƙa. Ya ɗauki shekaru kafin ya fito a buge, an kuma sha mayar mini da shi, amma ban sake rantsuwar barin rubutu ba.

Abin da na koya shi ne, kada ka jefar da aikinka don mutum ɗaya ya duba shafi biyu ya taɓe baki. Malamin ya tambaye ni wa zai sayi labarin noma da Hausar Zuru, ni kuma na yarda babu. Ashe suna nan bakin tasha, suna sayensa shafi-shafi, har ana ba su gyaran ƙosai.