Dattijon da ke Fara Karatu daga Ƙarshe

A tashar Gusau motar Tsafe ta ƙi cika, Suwaiba na zaune kusa da wani dattijo da ba ta sani ba. Rigarsa ta koɗe amma ta sha guga, ƙafar tabaransa ɗaya da zare aka ɗaure ta. A ranta ta ce wannan tsohon malamin makaranta ne.

Yana ta latsa wata waya mai tsagaggen gilashi, yana neman tsofaffin littattafan binciken kisan kai, irin waɗanda ake karantawa kyauta a intanet. Da ɗaya ya buɗe, sai ya yi ta ja da yatsa har shafin ƙarshe, ya tsura masa ido, leɓunansa na motsi.

Suwaiba ta kasa haƙuri. "Baba, ai ka ɓata wa kanka labarin."

Bai ɗago ba. "Ɗiyata, nan ne ake faɗin wanda ya yi kisan. Ɗana a hanyar nan aka harbe shi, har yau ba wanda ya kai ni wannan shafin."

Ya goge tabarau da bakin riga, ya shiga neman wani littafin.