Eriyar da Baba Ya Sa Aka Juya Gabas

A gidanmu idan aka ce "gida", ba inda muke kwana ake nufi ba. Garin da ruwan madatsar Tiga ya cinye ake nufi, wanda ni da yayana ba mu taɓa gani ba, domin a sabon matsuguni aka haife mu, yamma da ruwan. Baba kuwa can ya bar mahaifiyarsa, a maƙabarta. Tun ina yarinya abin yake ba ni tsoro. Idan na ga masunta suna jan koma, sai in riƙa tunanin abin da zai biyo ta.

Wata bazara ruwa ya ja baya fiye da yadda aka saba, har masunta suka zo da labarin cewa tsohon gari ya leƙo. A lokacin ƙafafun Baba sun riga sun ƙi, ko masallaci sai an riƙe shi, balle shiga kwale-kwale da taka laka. Sa'o'insa kuma duk sun riga mu gidan gaskiya. Sai muka ji cewa wasu 'yan talabijin daga Kano sun je sun ɗauko hoton wurin, za a nuna ranar Asabar bayan la'asar. Baba ya ce ba abin da yake so sai ya ga inda tsohuwarsa take kwance.

To, talabijin ɗinmu ba ta nuna komai sai yashi da ƙara. Wani tudu mai duwatsu ne ya tokare mu ta arewa, ya raba mu da Kano. Eriyar cikin ɗaki mai ƙaho biyu ta daɗe da gazawa, duk da murfin tukunyar da yayana ya rataya mata. Shi dai a ganinsa injiniya ne.

Ranar kasuwa ya hau babur ya tafi Ƙafin Maiyaki. Da ya dawo ya ce iri biyu ya tarar. Akwai mai zagaye kamar faifai, tana kamawa ta ko'ina amma ba ta jin nesa. Akwai kuma doguwa mai haƙarƙari kamar ƙashin kifi, tana jin nesa amma sai inda bakinta ya fuskanta. Doguwar ya ɗauko. Ya haɗa gora biyu, ya ɗaure ta a kai, ya kafa a jikin katanga.

Aikin juya eriya ba na mutum ɗaya ba ne. Yayana yana waje riƙe da gora, Baba yana ɗaki a kan tabarma, ni ina bakin ƙofa ina kai magana. "Ƙara kaɗan! Koma baya! Ka wuce!" Ya nufi arewa da ita, muka samu murya, hoto kuwa dishi-dishi, ba ka gane mutum da bango.

"Ina ya nufa da ita?" in ji Baba.

"Kano, Baba. Daga can ake watsowa."

"A Kano aka ɗauki hoton? Ce masa ya juya ta gabas, wajen gida."

Haushi ya kama ni, don na san ɓata lokaci ne. Yayana ya yi ƙunƙuni daga waje, amma wa zai yi gardama da Baba? Ya juya ta. Sai ga hoto ya fito. Har yau ban san dalili ba, wasu sun ce daga kan ruwa yake dawowa. Sai dai kowane mutum bibbiyu yake fitowa, shi da wata inuwarsa fara-fara a gefe, tana yin duk abin da ya yi. Baba ko murmushin cin nasara bai yi ba.

Ranar Asabar iskar hadari ta taso, dole yayana ya tsaya a waje ya rungume gorar. Saboda haka ni kaɗai ce a ɗaki da Baba lokacin da aka fara. Wani mai babbar riga ya yi ta bayani, sannan aka juya hoton kan fili. Laka ce ta tsattsage, ga kututturan itatuwa, ga fasassun tukwane, ga wasu 'yan tudun ƙasa a jere. Masunta ƙalilan ne suke yawo a wurin, amma da fararen inuwoyin nan sai ka ce garin cike yake da mutane, suna kai da kawowa ba magana. Na so in fita, amma na ci gaba da kallo.

Baba ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya fara sallamar da ake yi wa mutanen maƙabarta, murya ƙasa-ƙasa. Bai kai ƙarshe ba ya katse ta.

"Kukar bakin maƙabarta ba ta wannan gefen take ba," ya ce. "Ko kuwa ta nan take?"

Ya ɗora yatsa a kan wani kututture, hoton ya wuce. Ya bi wani da yatsa, shi ma ya wuce. Sai ya waiwayo ya dube ni.

"Ke 'yar nan, nan ne? Duba mini. Nan ne?"

"Baba, ban sani ba."

Kafin ya mayar da kansa, an koma nuna masu sayar da kifi.

Ya hana a taɓa eriyar, wai za su maimaita. Ba su maimaita ba, damina ta sauka, ruwa ya koma ya rufe wurin. Ya rasu kafin a yanke gero. Mutuwarsa na daɗe da yin haƙurinta, kowa zai je. Abin da ya ƙi barina shi ne idon da ya yi mini ranar nan, tsoho yana tambayar 'yar cikinsa ko wannan ne garinsu, kuma duk duniya babu sauran wanda zai ba shi amsa.