Ramukan bulo a ƙauyen yayanmu

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Komah a Sokode, ni da ƙanina da wata maƙwabciyata ma'aikaciyar lafiya. An yi mana waya cewa zazzaɓi ya kwantar da matar yayanmu, ga ta da tsohon ciki, a wani ƙauyen makiyaya da ke bayan Dapaong. A tasha muka sayi koko da ƙosai.

Hanyar Sokode zuwa Kara ba laifi, sai dai hawan duwatsun Bafilo, inda manyan motoci ke rarrafe kamar za su gangaro mana da baya. Direbanmu ya loda doya a saman mota har ta karkace, wai a Dapaong ta fi tsada. Ƙanina ya ce in muka kife, yunwa dai ba za ta kashe mu ba. Ni kaɗai ban yi dariya ba. Daga Mango ƙasa ta shimfiɗe, damina ta kai tsakiya, duk inda ka duba ruwa ne kwance a gonakin dawa.

Bayan la'asar muka sauka Dapaong, muka hau zemijan, wato babur ɗin haya, muka kutsa cikin laka. Da muka isa ƙauyen na shiga ɗakin matar yayanmu, na tarar da ita tana karkarwa cikin bargo, leɓɓanta sun bushe. Ta dube ni ta kira ni da sunan mahaifiyarta da ta rasu. Yayanmu ya ce a daminar nan sun binne yara a gidajen maƙwabta, kuma duk haka ya fara musu.

Maƙwabciyata ta duba idonta ta ce, "Yaya, yanzu za a tafi da ita, ba gobe ba."

Muka sa ta tsakanina da mai babur. Zafin jikinta yana ratsa zanena, kanta yana lilo a kafaɗata. A wani rafi ruwa ya kai mana gwiwa, injin ya mutu, sai da maza suka tura. Ina ta kiran sunanta don kada ta yi shiru. A asibitin gari aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka sa mata ruwa da allura. Sai da gari ya waye ta buɗe ido, ta kama hannuna ta ɗora a cikinta. Jaririn ya motsa.

Da muka koma ƙauyen, maƙwabciyata ta kai mu bayan gidaje, inda aka haƙi ƙasar bulo aka bar ramuka. Ta ɗebo ruwa a ƙoƙo. Tsutsotsi ne ƙanana fal suna wutsil-wutsil, ta ce kowace za ta zama sauro nan da 'yan kwanaki. Ramin da ya fi cika yana dab da tagar mai cikin.

Yayanmu ya ce, "Hajiya, ruwan nan shanunmu ke sha."

Ta ce a bar wa shanun babban tafkin da ke bakin ƙauye, za ta roƙi ma'aikatan lafiya su zo su duba shi, amma ƙananan ramukan ba su da amfanin kowa. Maza suka ɗauko fartanya da shebur, mata muka yi ta jidar ƙasa a kwanduna. Aka cike ramukan, aka yanka wa ruwa hanya, har sawun kofato da ke bakin rijiya aka baje.

Mun dawo Sokode lafiya, da cukun Fulani da aka ba mu tsaraba. Ko mayafi ban cire ba na zagaya gidana. A bayan ɗakin da 'ya'yana ke kwana na tarar da tsohuwar taya cike da ruwan sama, tsutsotsin nan suna iyo a ciki. Na kifar da ita. Na yi doguwar tafiya ina tsoron abin da ke kashe mutanen ƙauye, ashe ni ma ina kiwonsa a gidana.