Mutumin da Ke Zuwa a Gan Shi

Ko me zan manta na aikin Madina, ban da ranar da Injiniya Habu ya ajiye mini makullin gidansa a kan kanta. Ku da kuka zo bayanmu ba ku san shi ba, to ku saurara.

Farkon shekarun dubu biyu ne, ina shugaban saidaliyya, wato ɗakin magani, a wani ƙaramin asibitin kuɗi a unguwar Ƙiblatain. Nawa in duba takardar likita in sa hannu, mataimakina Anas ya miƙa magani ta taga. Anas haifaffen nan ne, jikan Kanawa. Ka yi masa Hausa ya mayar maka da Larabci, ko kunya babu.

Injiniya Habu kuwa mutumin Gusau ne, dattijo, yana aikin yamma a filin jirgi. Iyalinsa na gida, shi kaɗai yake zaune a wani bene bayan asibitinmu. Kullum gab da azahar, lokacin da rana ta kore kowa daga titi, sai ka ga inuwarsa a gilashin taga. Ba ya sayen ko ƙwaya ɗaya. Ya zuba mini ido ya ce, "Dakta, kun gan ni?" In ce, "Mun gan ka, Injiniya." Ya juya abinsa. Wallahi ban taɓa tambayarsa dalili ba.

Ana haka Anas ya samu gurbin karatun likita a birnin Riga na ƙasar Latbiya, can bakin tekun Baltik. Na ba Injiniya labari don dai a yi hira. Sai na ga fuskarsa ta canja. Ashe can ya yi karatu zamanin Tarayyar Sobiyat. Ranar ce ya fara shigowa ciki, ya ja kujera.

"Ɗana, kada ka sayi rigar sanyi a nan," ya ce wa Anas. "Ta nan wasa ce. Ka saya a can, da takalmi mai haƙora, don ƙanƙara ba ta san ɗan Madina ba. Makon farko ka kai kanka ofishin baƙi, kada ka jira su neme ka. Ka koyi gaisuwa da yarensu, ba Rashanci kaɗai ba. Da hunturu kana sallame la'asar magariba ta shigo, to ka maƙala wani abu mai ƙyalli a rigarka, mai mota ba ya ganin baƙin mutum cikin baƙar riga. In maƙwabci bai gaishe ka ba, ba ƙiyayya ba ce, haka suke."

Anas na murmushi yana ta "ɗayyib, ya ammi," wato "to, baffa."

Injiniya ya ce, "Duk wannan ƙarami ne. Babba shi ne ka samu mutum ɗaya ka ba shi makullinka, mutumin da zai san ranar da bai gan ka ba."

Sai ya ba mu labarin abokinsa Lawal. Lawal ya gaji da hayaniyar ɗakin ɗalibai, ya kama ɗaki a gari, tagarsa na kallon hanyar taragon lantarkin da Injiniya ke hawa zuwa makaranta. Lokacin jarrabawa ne. Kullum in ya wuce sai ya hango Lawal zaune a taga, fitila a kunne, kai a sunkuye kamar mai karatu. Ya ɗaga masa hannu, Lawal bai ɗago ba, ya ce kai, wannan zai cinye mu bana. Ashe tun ranar farko ya cika. Bututun ɗumama ɗakin ya lalace, ƙaramar taga a buɗe, sanyi ya riƙe shi yadda yake. Sai da sanyi ya sassauta maƙwabta suka ji wari.

"Makonni ina ɗaga wa gawa hannu, Dakta. Da muka je binne shi ko sahu ɗaya ba mu cika ba."

 Sai Injiniya ya ciro makulli ya ajiye a gabana. "Na daɗe ina so in ba ka, nauyi nake ji."

Anas ya tafi. Bayan wasu watanni, wata Talata, aka kira azahar ban ga inuwa a gilashi ba. Doka ita ce shugaban saidaliyya ba ya barin taga sai da izinin mudir, shugaban asibiti. Na same shi, ya ce, "Mutum bai zo gaisuwa ba shi ne za ka rufe mini taga?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ka rubuta ni in ka so." Na fita.

Titi fayau, ba kowa, rana kamar ta fasa kai. Da na isa benen na ɗaga ido sama. Ga shi zaune a tagarsa, kai a sunkuye. Ku yarda da ni, hannuna har ya fara tashi. Na ce innalillahi, na ƙwala wa mai gadin benen kira ya biyo ni don shaida, muka hau a guje.

Ya riga mu gidan gaskiya. Amma da na taɓa wuyansa da ɗumi, shayin da ke gabansa ma bai gama hucewa ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar ba ma'aikacin asibiti ba.

Takardun 'yan sanda da na kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a ƙasar, suka ci yinin. Washegari aka sallace shi a Harami, sahu iya ganinka, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Da na buga wa Anas waya sai ya ce da Hausa, Hausarsa ta farko da na taɓa ji, "Baba, na ba wata tsohuwa makulli. Kullum tana buga mini bango."

Don haka ku da ke tsaye a taga yanzu, ba duk mai zuwa ne magani ya kawo shi ba. Ku ɗago kai ku dubi mutum. Ni dai da aka gama zuba ƙasa a kabarinsa, na matsa kusa na faɗa masa a hankali, "Mun gan ka, Injiniya."