Gwaggo da Bencin Masu Fashin Salla

A ɗakin wanki na otal ɗin da nake aiki ba a hira. Ba doka ce ta hana ba, ƙarar injuna ce: ko kin buɗe baki, ke kanki ba za ki ji abin da kika faɗa ba. Gwaggo ta shekara ashirin da biyu a teburin guga na ƙarshe, kusa da taga. Ba gwaggon kowa ba ce a cikinmu, haka muka tarar ana kiran ta. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta tilo tana aure a nesa, ita kuwa ɗaki ɗaya take haya, daga ita sai rediyo.

Hutunmu minti talatin ne, da azahar. Masu salla su hau sama su bi layin famfo guda ɗaya tak, kafin a yi alwala a idar lokaci ya tafi. Masu fashin salla kuwa su zagaya baya, su baje a wani dogon benci ƙarƙashin igiyoyin shanya. Nan ake cin naman mazaje, nan ake kwaikwayon tafiyar manaja. Gwaggo ce uwar bencin. Kwana shida a wata, matar da ba a jin muryarta sai ta zama wata daban, ta yi ta ba mu dariya har mu riƙe ciki.

Da ta doshi hamsin, al'adarta ta fara yi mata wasa da hankali. Wani watan ta zo sau biyu, sannan ta ɓace wata uku babu labari. Zafi ya riƙa taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙe mata ɗankwali, ta ce dutsen guga ne. Mu dai ba mu sa abin a ka ba. Daga baya ma sai muka ga kamar ya daidaita: duk farkon wata Gwaggo tana kan benci, kwana shida cif.

Wata Laraba, bayan mun tashi daga bencin, na shiga sito ɗauko tawul. Sai ga Gwaggo a tsakanin tulin zannuwan gado, ta shimfiɗa kwali tana salla, sauri take kamar wadda za a kama.

Ni kuma magana ba ta kwana a cikina, halina ne, na sani. Washegari ana tsakiyar hira na ce, "Gwaggo, wai ke wane irin fashi kike yi ne? Jiya fa a sito na gan ki kina sujada."

Aka kwashe da dariya, har da mai tafi. Gwaggo ba ta yi ba. Ta zuba wa hannayenta ido, duk tabon ƙuna.

"Wata goma sha huɗu ke nan rabona da jinin, 'yar nan," in ji ta. "Ya tafi, ba zai dawo ba. To ni in na koma ɗaki, wa zan yi wa magana? Bango?"

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta koma ciki tun ba a kaɗa ƙararrawa ba. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba.

Tun daga ranar, da azahar sama Gwaggo take hawa, ta bi layi, ta yi salla, ta sauko kan teburinta. Ana hirar dai a benci, amma babu gishiri. Na bar wata biyu suka wuce ina cewa gobe, gobe, sannan wata rana da aka tashi aiki na tare ta a bakin ƙofa tana sa takalmi.

"Gwaggo, don Allah ki yafe mini. Ki dawo mu riƙa zama, kya yi sallarki a sito kamar da."

"Ba komai, ya wuce," ta ce, ba ta ɗago ba. "Amma in na zo na zauna, aka ce me ya kawo ni, in ce me?"

Ta rataya jakarta, ta bi gefen titi ita kaɗai. Sai da motar da na shiga ta yi nisa amsar ta zo mini, ga ta da sauƙi: ki ce wurinmu kika zo. A duk shekarun nan, babu wadda a cikinmu ta taɓa gaya mata haka.