Kujera Ɗaya Zuwa Denver

Tana tsaye a bakin ƙofar shiga jirgi a Spokane, furfura cike da kai, cikin kayan matuƙan jirgi, igiya uku a kafaɗa, ta riƙe waya kamar mai riƙon ƙwai. Ni da nake rubuta wasan rediyo har na gama zaɓa mata murya, mai kauri, wadda za a ji a yi tsit.

Sai ta buɗe baki a hankali. "Darlene, 'yar uwa, don Allah sake duba min."

"Kujera ɗaya ta rage, matuƙiya, kuma kallo ba ya sa ta haihu," in ji ma'aikaciyar ƙofar.

"Ƙarfe sha biyu zan fara jiran kira a Denver. Ko shekara ban yi a kamfanin ba. In suka neme ni ba na gari, kashina ya bushe."

Ashe furfura ba ta ba da girma a aikin nan, ranar da aka ɗauke ka ake dubawa. Ina jin malamar makaranta ce a da, ta bari sai da 'ya'ya suka girma.

Ni ma rarar kujera nake jira, da tikitin alfarmar ƙanwata da ke aiki a kamfanin jirgin. Tausayi ya kama ni, na gyara murya, na matsa gaba.

"Baiwar Allah, na bar miki kujerata."

Darlene ta leƙa allo. "Yallaɓai, kai ne na goma sha huɗu a jerin masu jira."

Matuƙiyar dai ta yi min godiya, har da dafa ƙirji, sannan, da yake ita ce ta farko a jerin, ta karɓi takardarta ta shige.