Mijin da Mama za ta zaɓa a sama

Shekarun baya ƙanena ya dawo Kirsimeti daga Fatakwal da farar riga da taye da sabuwar ikilisiya. Tun a tashar Kafanchan na ga alama. Na saya masa shayi ya ce ya daina sha, wai an hana su. Na ce to, Allah ya kyauta, na shanye kofi biyun.

Mu biyu mahaifiyarmu ta haifa, amma uba kowa da nasa. Nawa ya rasu ina goye. Ta sake aure a Kagoma, ta tafi da ni, mijin ya riƙe ni riƙon da ban taɓa jin kalmar agola a gidan ba. Shi ne mahaifin ƙanena, kuma shi ma ya rasu kafin wannan Kirsimetin.

Washegari muna tsakar gida muna tsaga citta, malam ƙanena ya buɗe wa'azi. Wai sama hawa uku ce. Wai wanda ya kai hawa na ƙoli zai yi ta ci gaba har ya zama kamar Allah, da zuriya marar iyaka. Ni da na shekara ina koyar da yara a makarantar Lahadi, sai na ji kaina ya ɗau zafi. Na jawo masa aya, ya jawo mini aya, muka yi ta yi kamar masu cinikin akuya. Ban taɓa sanin ina da baƙar zuciya haka a kan tauhidi ba sai ranar.

Mama dai wuƙarta kawai take aiki. Can ta ce, “Baban ka ɗin nan zai zama kaman Allah? Mutumin da akuya uku ya gagare shi ɗaurewa?”

Muka yi dariya, har shi. Da a nan ya tsaya da an rabu lafiya. Amma ƙanena idan ya kama abu sai ya ga ƙarshensa.

Ya gyara zama ya ce ai shi ya sa ya zo. Ba a kai wannan hawan sai da aure na har abada. Idan Mama ta shiga ikilisiyarsu, za a kai ta haikali a ɗaura ta da Baba, a ɗaura mu da su, iyali ɗaya ba rabuwa. Har da hawaye a idonsa, don tsakani da Allah yake faɗa.

Na ce, “Wane Baban?”

Wallahi bai ma tuna da nawa uban ba.

“Yaya, mace mai rai da miji ɗaya ne ake ɗaura ta,” ya ce a hankali. “Amma ke ma za a sa ki a gefen Baba, ba matsala.”

Ba matsala! Wato mahaifina, da ya bar duniya ba gona ba gida, ni kaɗai ce abin da ya bari, ni ɗin ma za a kwashe a kai wa wani. Idan kuma aka ce a bar ni da shi, to ni ce zan tsaya a waje ina leƙen iyalin da na girma a ciki. Na tambaye shi wanne ya zaɓa mini. Ya ce Allah zai daidaita komai. Na ce to me ya hana ka bar masa tun farko?

Abin da ya fi ƙona mini rai, yaron nan ni na goya shi, ni na wanke masa kashi, yau shi ne yake nema mini gurbi a lahira.

Sai Mama ta ajiye wuƙa.

“Tun da na shiga gidan nan tukunya ɗaya ne ina dafa, don kada wani ya ce wannan ɗan wane, wannan 'yar wane. Mutanen gari sun gwada raba ku, ba su iya ba. Kai kuma ka je Fatakwal ka dawo za ka raba mini yara a sama? Maza biyu na binne. Ba zan tsaya gaban kowa in nuna ɗaya da yatsa ba.”

Ranar ko shinkafar Kirsimeti ba ta yi mana daɗi ba. Ya koma, muka yi watanni ba waya.

Da damina sai ga shi ya kira Mama da murnarsa. Ya tambayi manyansu, sun ce idan mace ta rasu ana iya ɗaura ta da duk mazan da ta aura, sauran a bar wa Allah. Mama ta ce, “Ashe haka? To ka jira in mutu.” Ta miƙo mini wayar, muka gaisa kamar ba a yi komai ba.

Ya jira kuwa. Ta ƙara shekaru masu kyau tana rera waƙa a zumuntar mata ta cocinmu, ba ta taɓa taka ikilisiyarsa ba. Bayan mun yi mata jana'iza da kusan shekara, ya kira ni yana ta kame-kame. A ƙarshe ya ce, “Yaya, don Allah, menene cikakken sunan baban ki? Da ƙauyen su. Ba na so in bar shi a baya.”

Har gobe ban yarda da koyarwar nan ba, kuma duk Kirsimeti sai mun taɓa gardama, shi da ruwan zafinsa ni da shayina. Har yanzu idan na tuna “ba matsala” ɗin nan sai raina ya ɓaci. Amma zan faɗi gaskiya. Na girma, na yi aure, na haihu, babu mahaluƙin da ya taɓa tambayata sunan mahaifina sai wannan yaron mai taurin kai.

Na faɗa masa sunan da ƙauyen. Ya ce in maimaita a hankali, na maimaita, yana rubutawa.